Saura Makulli Kawai

Gwaggo ce ta tura ƙyauren gidan, ko sallama ba ta yi ba, don a saninta babu kowa a ciki. Auta na biye da ita, sai mai ɗinkin labule a ƙarshe da abin awo rataye a wuyansa.

Tana sa ƙafa ta tsaya cak, har Auta ta yi karo da bayanta.

Igiyar shanya ce ta ratsa tsakar gidan, cike da kayan yara masu ɗigar ruwa. Tukunya na tafasa a bakin kicin. Wata mata mai goyo tana zaune a gaban bahon wanki, kumfa har gwiwar hannu. Ta ɗago ta dube su sama da ƙasa.

"Lafiya, bayin Allah? Haka ake faɗo wa mutane gida?"

Gwaggo ta waiga. "Ke Auta, ko dai kin ɓata gidan ne?"

Ba ta ɓata ba. Ga koren ƙyauren nan, ga bishiyar lemun da ke leƙowa ta saman katanga. Sau nawa Injiniya ya kawo ta layin nan, su tsaya a tsallake yana nuna mata tagar da ya ce ita ce ta ɗakinta? Ciki ne dai bai taɓa shiga da ita ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Gida ya zama namu, saura makulli kawai."

Injiniya shi ne wanda za ta aura, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. An sa musu rana, saura 'yan makonni, katin gayyata ma ya gama zaga dangi. Sharaɗi ɗaya Abbanta ya gindaya masa tun farko: 'yarsa ba za ta zauna a gidan haya ba. Abba ya sha wuyar haya a rayuwarsa, har an taɓa watso musu kaya waje ana ruwan sama, lokacin Auta na goye. Tun ranar ya yi rantsuwa.

"Mu dangin amarya ne," in ji Gwaggo. "Mun zo awon labule. An ce an sayi gidan nan."

Matar ta saki fuska, ta goge hannu a zaninta. "Au, ku ne mutanen mai sayen? Sannunku da zuwa. Ai an yi ciniki dai, amma ba a gama ba."

"Ba a gama ba kamar yaya?"

"Gidan Babanmu ne, Allah ya jiƙansa, mu kuma magada muna da yawa. Babban Yayanmu yana ƙasar waje, har yau bai sa hannu ba, wayarsa ma sai an taki sa'a ake samu. Takardar gidan kuma sunan kakanmu ne a kai, ba a taɓa juya ta ba. Ni kuwa sai an ba ni rabona zan san inda zan nufa da yaran nan. Ina zan je?"

"To yaushe za ku tashi?"

Matar ta yi 'yar dariya. "Hajiya, in an gama kafin wata daminar ta zagayo, ai sai mu gode wa Allah."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Gwaggo ta dafe ƙirji.

Auta ta dafa bango. Da ƙyar ta haɗa kalmomin.

"Shi... shi mai sayen, ya san da wannan?"

"Ya sani mana. Ko shekaranjiya ya zo ya gyara mana firji, ya ƙi karɓar ko sisi. Yaron kirki wallahi. Ke ce amaryar? Kai, kin yi dace."

Mai labule ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "To Hajiya, in auna ne ko in tafi?"

"Auna kanka!" Gwaggo ta daka masa tsawa, ta fizgi hannun Auta suka fito.

Tun a bakin ƙyaure ta fara. "Na faɗa, na ƙara faɗa, aka ce na tsani yaro. Mai gyaran firji ne zai sayi gida? Ga Mai Tayil can, ɗan aminin ubanki, gidansa ginanne har fenti ya fara tsufa da jiranki, kika ce ke sai mai baƙin hannu. To ga shi nan. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wallahi yau sai Yaya ya ji komai!"

Auta ta zare hannunta, ta tsayar da tasi.

"Ina za ki? Ke! Da ke nake!"

Ta rufe ƙofar motar.

*

Shagon Injiniya yana bayan kasuwa, a layin masu walda. Firji ne jere a bakin ƙofa, wasu ba murfi, wasu an kwantar da su. Ta same shi tsugune a bayan wata babbar firiza, wayar wuta a baki, yana ɗaure kwampureso.

Ganinta ya miƙe da fara'a. "Auta? Yau kuma ba ki je aikinki na kemis ba?"

"Daga gidanmu nake."

"Lafiya dai ko? Umma ce?"

"Gidanmu ni da kai. Mai koren ƙyaure."

Sukundireban da ke hannunsa ya faɗi ƙasa. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

"Kin... kin shiga?"

"Na shiga. Ni da Gwaggo da mai labule. Matar gidan tana gaishe ka. Ta ce firjin yana sanyi."

Ya nemi bakin firizar ya zauna. Ita kuwa hawayen da ta riƙe tun daga can suka ɓalle.

"Me na yi maka? Faɗa mini, me na yi maka da za ka tozarta ni haka? Na zaɓi kalar labule. Na gaya wa ƙawayena layin. Umma ta sayi kujeru daidai da falon da ka kwatanta mata. Duk kana kallonmu, kana murmushi!"

"Auta, wallahi ban yi niyyar..."

"Kada ka rantse! Kullum saura makulli, saura makulli. Ashe mutane ne cike da gidan, har da goyo!"

"Ki saurare ni, don Allah. Ban yi miki ƙarya a kan sayen ba. Na yi ciniki, na ba da kafin alƙalami, duk abin da na tara tun ina yaron shago yana kan gidan nan. Ranar da muka yi ciniki dillali ya dafa kafaɗata ya ce sati biyu ya yi yawa, in je in sa rana. Da zafinsa na zo na faɗa wa Abba."

"Sai kuma aka yi yaya?"

Ya sunkuyar da kai. "Sai na kai takardun wurin lauya. Ta duba ta ce mini ba haka ba ne."

"Yaushe?"

Ya shiga murza baƙin man da ke yatsunsa.

"Yaushe ta faɗa maka?"

"Kafin a buga katin gayyata."

Auta ta toshe bakinta da hannu biyu. Ta ja da baya har ta jingina da wani firji mara murfi.

"Kafin a buga kati? Ka sani, ka bari aka buga? Ka bari Abba ya bi 'yan'uwansa gida gida yana rabawa da hannunsa?"

"Tsoro na ji." Ya kau da kai. "Na ga yadda Gwaggo ke kai gwauro tana kai mari a kan Mai Tayil. Na ce in na buɗe baki na ce a ɗaga, shi ke nan na ba su ƙofa. Kullum in na kira dillali sai ya ce mako mai zuwa. Ni ma sai in ɗauko mako mai zuwan in kawo miki. Ina ta ce wa raina gobe Yayan nasu zai sa hannu, jibi komai zai warware, ba sai kowa ya ji ba."

"Ni ma kowa ce?"

Ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Ni ma kowa ce a wurinka? Da ka faɗa mini, da ni zan san yadda zan bi da Abba. Na san lokacin da ake yi masa magana ya ji. Kai ka zaɓi ka ji tsoro kai kaɗai, yanzu ga shi kunyar mu biyu za mu sha."

"Ki yafe mini."

"Ba yafiya nake nema yanzu ba. Kira mini lauyar. Ka sa yadda zan ji da kunnena. Na gaji da jin labarin gidan nan daga bakinka."

Ya lalubo lambar. Muryar mace ce ta fito, a natse, irin ta wadda ta saba faɗa wa mutane abin da ba sa son ji.

"Ke ce amaryar? To Alhamdulillahi, tuntuni na ce masa ya kawo ki. Ƙanwata, sayen gida ba sayen atamfa ba ne da za a yanka a miƙo miki. Sai kowane magaji ya sa hannu. Sai an juya takarda daga sunan kakansu zuwa nasu, sannan daga nasu zuwa nasa. Sai ofishin filaye sun bincika sun tabbatar ba a jinginar da gidan a wani wuri ba. Kowanne da layinsa, kuma ba mai yin sauri don ana biki."

"Zai kai yaushe?" in ji Auta.

"Wata shida in komai ya tafi daidai. Kuma ban taɓa ganin komai ya tafi daidai ba. Ki sa shekara a ranki, in ya zo kafin nan ki yi murna."

"Shekara..."

"Gidan yana da kyau, cinikin ma ba laifi. Haƙuri kawai yake so. Wanda ya ce miki sati biyu, ladansa yake hange."

Bayan ta kashe, ya mayar da wayar aljihu.

Auta ta share fuskarta da gefen mayafi. "Tashi ka wanke hannunka."

"Ina za mu?"

"Wurin Abba. Gwaggo ta riga mu, amma gara ya ji sauran daga bakinka."

"Auta, zai kore ni."

"Wataƙila. Amma in ba ka zo yau ba, ni zan kore ka."

*

La'asar sakaliya suka isa. Tun daga ƙofar falo suke jin muryar Gwaggo.

Abba na zaune a kujerarsa ta kusa da taga, hularsa a kan gwiwa. Tsohon direban manyan motoci ne, mutum mara yawan magana, in ransa ya ɓaci ma sai ya ƙara yin shiru. Umma na gefe ta rafka tagumi. Sababbin kujerun da ta saya suna jingine a lungu, ko ledarsu ba a cire ba.

Injiniya ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Ga shi nan!" in ji Gwaggo. "Ga mai gidan iska! Har kana da idon shigowa?"

Abba ya ɗaga mata hannu. Ya dubi Injiniya. "Abin da ƙanwata ta faɗa gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Abba."

"Ka san da haka ka bar ni na raba kati?"

"Na sani."

Umma ta saki salati. "Haba ɗan nan! Haba! Ni da nake kare ka a gidan nan kamar ni na haife ka?"

Injiniya ya kwashe komai ya faɗa, bai rage ba, tun daga alkawarin dillali har abin da lauya ta ce. Da ya zo kan shekara, Umma ta ɗora hannu a ka.

Abba ya daɗe yana juya hularsa.

"Yaro, ni na ce maka ka sayi gida cikin sati biyu?"

"A'a, Abba."

"Na ce maka in bai samu bana ba na fasa ba ka?"

"Ba ka ce ba."

"Gidan nan da kake durƙushe a ciki, sai da na yi ta safa da marwa a kan takardarsa har takalmina ya cinye. Na san abin da ake ciki. Da ka zo ka ce Abba, abu ya ja, da ni zan ce a ɗaga, ba wanda zai ji kanmu. Gida na ce ka nemo don 'yata ta kwana da kwanciyar hankali. Yanzu ka nuna mini ko a cikin gidan nata ne, in abu ya taso, ita za ta zama ta ƙarshen ji."

Maganar ta daki Injiniya har ya kasa ɗago kai.

"Na ɗage ranar," in ji Abba. "Kuma ban sa wata ba."

Auta ta zube a gabansa. "Abba, don Allah..."

"Ai ba sai an ɗage ba, Yaya," Gwaggo ta yi caraf. "Rana tana nan, kati yana nan, ango kawai za a canza. Mai Tayil ko gobe aka ce ya fito a shirye yake. Wa zai zauna jiran shekara? Ta tsufa a gabanmu?"

"Ni zan jira," in ji Auta.

Duk suka juyo.

"Raina a ɓace yake da shi, Abba, ban san ranar da zai huce ba. Amma ban ce na fasa ba. In shekara ce zan jira, in ta fi ma zan jira. Ni dai kada a ƙara ce mini mako mai zuwa."

"Kin ji mara kunya!" Gwaggo ta tafa hannu. "A gaban ubanki?"

Wayar Injiniya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya yi sauri zai kashe, sai ya ga mai kiran. Ya dubi Auta. "Lauya ce."

"Ɗauka," in ji Abba. "Ka sa mu ji. Ɓoye-ɓoye ya ƙare."

Wannan karon babu natsuwar ɗazu a muryarta.

"Kana ina? Yanzu ɗaya daga cikin magadan ya kira ni. Wani ya je musu da yamman nan, shi da dillalinka, ya yi tayin gidan sama da naka. Ya ce a mayar maka da kafin alƙalaminka, shi zai ɗauki wahalar takardun duka. Wasu sun ƙi, sun ce sun riga sun yi magana da kai, wasu kuma sun fara lanƙwasa. Tunda ba a gama sa hannu ba, in suka haɗa kai za su iya juya maka baya."

Injiniya ya miƙe tsaye bai sani ba. "Dillalina? Wane ne mutumin?"

"Ban san shi ba. Sun ce wani matashi ne mai shagon tayil a babban titi."

Umma ta ce, "La'ilaha illallahu!"

Nan take Auta ta gane ko wane ne. Mai Tayil yana da gidansa, ya fi mai koren ƙyauren girma nesa ba kusa ba. Ba gida yake nema ba.

Abba ya ajiye hularsa a hannun kujera a hankali. Fuskarsa ta canza, irin canjin da Auta ba ta taɓa gani ba.

"Ɗan aminina?" ya ce. "Yaron da aka haifa a gabana? Shi zai shiga cinikin wani don ya karya shi?" Ya bi mutanen falon da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Yau da rana aka gano maganar nan. Ko aminin nawa ban kira ba. Wa ya faɗa masa? Wa ya kwatanta masa gidan?"

Gwaggo ta shiga gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kwance ta sake ɗaurawa.

"Ke nake tambaya," in ji Abba.

"Yaya, ni fa gata nake yi wa yarinyar nan. Cewa kawai na yi masa ga halin da ake ciki, ya yi wani abu. Ban ce ya je ya saya ba."

"Gata." Abba ya girgiza kai. "Kin ɗauki sirrin gidana kin kai kasuwa, kin ce gata."

"Yaya..."

"Ya isa."

Ya miƙe, ya sa hularsa, ya zura takalmi. Ya dubi Injiniya da ke tsaye kamar an dasa shi, waya a hannu.

"Kai kuma ka tsaya kallona? Ka san inda manyan magadan suke?"

"Na sani, Abba."

"To wuce mu je tun rana ba ta faɗi ba. In sun ga furfura wataƙila su ji kunyar tashin magana." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai waigo ba. "Kada ka ɗauka na huce. Rana tana nan a ɗage, kuma ban yi maka alkawarin komai ba. Amma ba a gabana za a yi wa mutum ƙwace ba."

Suka fita. Auta ta bi su har bakin ƙofar gida, ba takalmi a ƙafarta. Ta ga Abba ya buɗe tsohuwar motarsa, ya miƙa hannu ya buɗe wa Injiniya ɗaya ƙofar daga ciki. Tun da Injiniya ya fara zuwa gidan, bai taɓa shiga motar nan ba.

Kafin su tashi Injiniya ya sauke gilashi.

"Auta, ban san yadda za ta kaya ba. Wataƙila mu samu, wataƙila mu rasa. Ban sani ba wallahi."

Ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta.

"Duk yadda ta kaya, ni za ka fara kira."

Motar ta tashi. Daga cikin falo Umma na ƙwala mata kira ta zo ta taimaka, wai Gwaggo ta ce jiri take ji.